BTS da DUT na kwamfuta: abin da karatun shekara 2 bayan BAC ke ba ɗan Maine-Soroa

BTS da DUT takardun shaidar karatu ne na shekara 2 bayan bakaloriya. Su ne ake rubuta wa BAC+2 a sanarwar ɗaukar ma'aikata. A fannin kwamfuta, ko anformatik kamar yadda bakin ɗalibai ya saba, waɗannan takardu ba injiniya suke fitarwa ba. Ma'aikacin tsakiya suke fitarwa, wanda ake nema idan rezo ya yanke a ofis, ko na'urar buga takardu ta ƙi aiki, ko jerin sunayen waɗanda za a raba wa tallafi ya rikice ana gobe rabo. Aiki ne na hannu da na ƙwaƙwalwa a haɗe, kuma shi ne matakin farko da akasarin matasa ke shiga wannan fanni ta kansa.

Irin wannan mataki akwai shi a wasu ƙasashe da wasu sunaye. A Najeriya ND ake ce masa, ana yin sa a kwalejojin kimiyya da fasaha. A Amurka ƙananan kwalejojin unguwa ne ke bayar da takardar shekara 2 kafin a kai ga cikakken digiri. Nijar ta gaji nata tsarin ne daga Faransa, duk da cewa ita Faransar ta mayar da karatun makarantunta na IUT shekara 3 tun daga 2021.

Ga ɗalibin da ya ci BAC a Maine-Soroa ko a Diffa, zancen ya wuce zaɓen fanni kawai. Zance ne na barin gida zuwa gari mai nisa, da kuɗin da iyaye za su fitar daga barkono ko dabbobi ko ɗan albashi, da kuma tambayar ko takardar da za a dawo da ita tana da daraja a idon mai ɗaukar aiki.

Bambancin BTS da DUT

DUT takardar jami'a ce. Ana yin ta a makarantun fasaha na jami'o'in gwamnati, waɗanda ake kira IUT. Ɗalibi yana shiga ne bayan an tace dosiye, kuma sakamakonsa yana taruwa sannu a hankali daga jarrabawar zango-zango, da ayyukan ɗakin gwaji, da rahoton istaj, wato zaman koyon aiki a wata ma'aikata. A tsarin LMD da jami'o'in ƙasar ke bi, kowace shekara maki 60 ce ta kiredi, saboda haka shekara 2 tana ba da 120, lisans kuma tana buƙatar 180.

BTS ta ƙasa, wadda ake rubutawa BTS d'État, daban take. Makarantu da yawa, akasarinsu masu zaman kansu, suna shirya ɗalibai, amma ba su ne ke bayar da takardar ba. Jarrabawa ce ta ƙasa baki ɗaya, a hannun hukumar OBEECS, wadda kuma ita ce ke shirya bakaloriya. Ɗalibi zai zauna rubutacciyar jarrabawa tare da na sauran makarantu, sannan ya kare rahotonsa na istaj a gaban malaman da ba lalle ne su san shi ba.

A nan ne iyaye da yawa ke yin asara ba su sani ba. Akwai takardar da makaranta ke bugawa da sunanta da hatiminta a ƙarshen shekara ta biyu, akwai kuma ta ƙasa. Dukansu biyu suna iya ɗauke da haruffan BTS, amma ba ɗaya ba ne. Idan gwamnati ta buɗe konkur na ɗaukar ma'aikata, takardar da ƙasa ta amince da ita ake nema. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi ma sukan duba wannan. Ɗalibin da ya gama shekara 2, ya faɗi jarrabawar ƙasa ko kuma bai zauna ta ba sam, ya dawo gida da takardar makaranta kaɗai, ya yi karatu, amma ƙofofi da dama a rufe suke gare shi.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa duk makaranta mai zaman kanta kafin a biya ko dala. Tana da izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi mai zurfi? Izinin ya shafi wannan fanni na kwamfuta, ko wasu fannoni ne kawai? Ɗalibai nawa ta kai jarrabawar ƙasa bara a wannan fanni, nawa suka ci? Makarantar da ke da gaskiya ba ta jin nauyin nuna takarda. Wadda ta fara kewaye-kewaye, ta riga ta ba da amsa. Wanda ke da niyyar ci gaba da karatu ko neman aiki a wata ƙasa sai ya ƙara tambayar ko hukumar CAMES, mai tantance takardun manyan makarantu na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta amince da takardar.

Haka kuma ƴar takardar da ake samu bayan horon wata 3 ko 6 na koyon Word da Excel a cibiyoyin cikin gari ba BTS ba ce. Tana da amfaninta, musamman ga wanda bai kai ga BAC ba, kamar yadda cibiyoyin koyon sana'a na CFM da CFPT ke da nasu. Sai dai matakinta daban.

Inda ake karatun

Jami'ar Diffa na cikin jami'o'i 4 da aka kafa a shekarar 2014, tare da na Agadez da Doso da Tillaberi. An ba kowace alƙiblarta, kuma ta Diffa an gina ta ne a kan aikin gona da muhalli, abin da ya dace da yankin da ke fama da kwararowar hamada da ja da bayan ruwan tafkin Cadi. Fasahar sadarwa da ilimin dijital kuwa Doso aka ba. Wannan rabo ya sa ɗan Mangari mai son DUT a fannin rezo da sadarwa sai ya ratsa kusan faɗin ƙasar baki ɗaya, domin Doso tana kimanin kilomita 140 ne kafin Yamai.

Tsofaffin makarantun IUT guda 3, na Maradi da Tawa da Damagaram, sun girmi jami'o'in da suke cikinsu a yau, waɗanda aka kafa a 2010. Su ma an raba musu fannoni. Ta Maradi, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, an san ta da fannonin gine-gine da lantarki da kanikanci. Ta Tawa, a Jami'ar Djibo Hamani, ta karkata ga harkar gudanarwa da kasuwanci, kuma a can ake samun kwamfutar gudanarwa. Ta Damagaram, a Jami'ar André Salifou, ita ce mafi kusa da gida, an kuma san ta da fannoni irin su tsara birane da sufuri. Fannoni sukan ƙaru ko su sauya suna, don haka sanarwar shiga ta shekarar da ake ciki ita ce abin dubawa.

A Yamai ne makarantu suka fi yawa. Akwai reshen IAI, cibiyar koyar da kwamfuta ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Libreville ta Gabon. Akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, wadda ke da sashen kwamfuta. Akwai ESCEP mai horar da ma'aikatan sadarwa da gidan waya. Sai tarin makarantu masu zaman kansu da ke shirya BTS, waɗanda wasunsu ke da rassa ko takwarori a Maradi da Damagaram.

Nisa ba ƙaramin abu ba ne a wannan lissafi. Daga Maine-Soroa zuwa Diffa kimanin kilomita 75 ne. Zuwa Damagaram, ta Gudumariya da Gure, ya kusa 400. Zuwa Yamai ya kusa 1,300 a kan babbar hanya mai lamba 1, tafiyar da ba a gama ta ba tare da an galabaita ba. Ɗalibin da ke Yamai da wuya ya zo gida fiye da sau ɗaya ko biyu a shekara. Kuɗin makaranta shi ake fara tambaya, amma haya da abinci da kuɗin mota zuwa aji da na fotokopi su ne ke cinye aljihu a hankali. Hukumar ANAB ce ke kula da burs da tallafin ɗalibai, sai dai ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma bai kamata ya ɗora cin yau da gobe a kan ranar fitowarsa ba. Iyalin da ke da ɗan'uwa a Damagaram wanda zai ba yaro ɗaki, sau da yawa wannan ɗakin ne ke yanke hukuncin inda za a yi karatun, ba sunan makaranta ba. Ga ƴaƴa mata abin ya fi tsanani: yarinya tana iya cin BAC da maki mai kyau, maganar masauki ta tsayar da ita.

Tsallaken Komadugu

Mutanen wannan kwari sun saba da Najeriya tun kaka da kakanni. Naira tana yawo a kasuwanninsu kamar sefa, kuma Gaidam ta jihar Yobe ta fi Damagaram kusa da Maine-Soroa nesa ba kusa ba. A Gaidam ɗin akwai kwalejin fasaha ta Mai Idris Alooma, a Damaturu akwai ta tarayya, a Maiduguri akwai ta Ramat. Karatun ND shekara 2 ne, a ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE da ke Kaduna, kuma wanda ya gama yana iya yin shekara guda ta koyon aiki ya koma ya yi HND na wasu shekaru 2.

Amma hanyar tana da nata ƙayoyin. Da Turancin Ingilishi ake karatun. Shiga tana bi ta jarrabawar JAMB da sakamakon sakandare irin na WAEC ko NECO. In an dawo gida kuma sai an nemi takardar daidaita shaidar karatu kafin a shiga konkur da ita. Ga kuma matsalar tsaro: an ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a watan Fabrairun 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa, ita ma Gaidam ta sha hare-hare, ciki har da na watan Afrilun 2021. Wanda ya yi firamare da sakandare a tsarin Faransanci, zai fi masa sauƙi ya yi BTS ko DUT a gida, ya koyi Ingilishi a gefe. Koyon kuwa ba makawa, domin saƙonnin kuskure da na'ura ke fitarwa, da littattafan kayan rezo, da amsoshin da ake samu a intanet, akasarinsu da Ingilishi suke.

Abin da ake koyarwa

Sunayen fannoni sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma a dunƙule hanyoyi uku ne. Ta farko kwamfutar gudanarwa da rubuta manhaja. A nan ɗalibi zai koyi algoritim, wato tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, sannan harsunan rubuta manhaja irin su C da Java da PHP ko Python, da tsara rumbun bayanai da SQL, da hanyoyin zana tsarin aiki irin su Merise da UML. Ana haɗa masa da lissafin kuɗi da dokokin kamfani, tunda manhajar da zai rubuta ta albashi ce ko ta kayan sito ko ta rajistar ɗalibai.

Ta biyu rezo da sadarwa: yadda ake jan waya a ɗaure mata kai, yadda ake raba wa na'urori lambobin IP, saita ruta da suwic, kafa sabar a kan Windows ko Linux, da tsare rezo daga masu kutse. Ta uku gyara da kula da na'urori, wadda ke haɗe da ilimin lantarki.

Masu BAC na C da D da na fannonin fasaha su aka fi nema. Wasu makarantu masu zaman kansu suna karɓar mai BAC A ko G, musamman a kwamfutar gudanarwa. Ba laifi ba ne, amma a san cewa akwai lissafi a ciki. Ba irin mai zurfi na injiniyoyi ba, sai dai akwai lissafin tushe 2, da ilimin hujja, da ƙididdiga, kuma algoritim ba ya haddatuwa. Yaran kwarin Komadugu da karatunsu ya yi ta yankewa saboda rufe makarantu da gudun hijira tun 2015 sukan isa da giɓi a nan, kuma zangon farko ne ke tona shi. Watannin da ke tsakanin fitowar sakamakon BAC da buɗe makaranta sun isa a rage wannan giɓi idan an zauna da littafin lissafi da tsohuwar kwamfuta.

Duk da cewa kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, darussa da jarrabawa da rahoton istaj da Faransanci ake yin su. Rahoton da aka rubuta da gurguwar Faransanci yana zubar da maki ko da aikin da ke cikinsa mai kyau ne.

Babbar cutar wannan karatu ita ce koyon kwamfuta a kan allo da alli. Akwai ajin da ɗalibai ke kwafar manhaja a littafi su haddace, ba su taɓa ganin ta tana gudana ba. Kafin a yi rajista, ya dace ɗalibi ko wani nasa ya shiga ɗakin kwamfutocin makarantar da ƙafarsa, ya ƙirga waɗanda ke kunnuwa, ba waɗanda ke jere a kan tebur ba, ya tambayi ɗaliban shekara ta biyu sau nawa suke shiga a mako, da abin da ake yi idan an ɗauke kuran. Mallakar kwamfutar hannu, ko ta gwanjo ce, kusan wajibi ne. Wadda ke da ƙwaƙwalwar aiki ta giga 8 da faifan SSD ta isa duk abin da za a yi a shekara 2. Waɗanda ake kawowa daga kasuwannin Kano da Maiduguri sukan zo da jerin maɓallai na Ingilishi, QWERTY, alhali ofisoshin Nijar AZERTY suka saba da shi. Ba matsala ba ce babba, hasali ma wanda hannunsa ya saba da duka biyu ya ƙaru.

Ƙura, zafi da kuran

Akwai ilimin da ba ya cikin manhajar karatu sosai, amma shi ne rabin aikin mai gyara a jihar Diffa. Ƙurar hunturu da yashin da iska ke kwasowa daga tuddai suna toshe fankar na'ura, sai ta yi zafi ta mutu da kanta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, batura suna kumbura. Wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi tana ƙona caja da akwatin wutar kwamfuta. Da yawa daga cikin na'urorin da ake kawowa a ce sun lalace, buɗewa da sharewa da sauya man sanyaya kan furosesa ne kawai maganinsu.

Shi ya sa ma'aikacin kwamfuta a wannan yanki ba ya rabuwa da ilimin sola. Misali, ƙaramin ofis mai kwamfutocin hannu 4, kowace tana jan wat 60, idan za su yi awa 8 suna aiki, suna buƙatar wat-awa 1,920 a yini, ban da ruta da fanka. Batirin volt 12 mai amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma idan irin na dalma ne, rabin wannan kawai ake so a ja idan ana son ya daɗe. Ke nan guda ɗaya ba zai riƙe ofishin yini ba in babu rana. Na'urar buga takardu ta leza kuwa, lokacin da take ɗumama tana jan ɗaruruwan wat a tashi ɗaya, tana iya kashe ƙaramin ondilar. Wanda ya iya wannan lissafi, ya iya faɗa wa shugaban ofis pano nawa da batir nawa zai saya, ya fi wanda ya haddace ma'anar rezo amfani a Maine-Soroa, ko da makinsu ɗaya a takarda.

Ayyukan da ke akwai

Tallan makarantu yakan nuna matashi da kwat a gaban manyan allunan kwamfuta. Aikin farko a jihar Diffa ba haka yake ba. Yawanci shigar da bayanai ne, ko gyara, ko kula da rezon ofis guda.

Tun daga 2015 ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka zama manyan masu ɗaukar irin waɗannan matasa, saboda ƴan gudun hijira da ke sansanin Sayam Forage da matsugunan da ke bakin babbar hanya. Aikin yakan fara da tattara bayanai a waya ko tablet da manhajojin KoboToolbox ko ODK. Wanda ya nuna ya iya tsara fom ɗin da kansa, ya tsabtace bayanan a Excel, ya gano sunan da aka rubuta sau biyu, ya fitar da jadawali mai ma'ana, shi ake ɗagawa zuwa mai kula da rumbun bayanai ko sashen bibiya da tantance ayyuka. A nan ɗan gari yana da abin da ɗan Yamai ba shi da shi: Barbarci da Fulatanci, wani ma da Tubanci ko Larabci, da sanin wane ƙauye ne ke da suna biyu.

Sai dai aikin ƙungiya kwantaragi ne na watanni, yana ƙarewa ranar da kuɗin furoje suka ƙare. Shekarar 2025 ta nuna haka ƙarara. Amurka ta dakatar da akasarin tallafinta na ƙetare tun watan Janairu, hukumomin Nijar kuma suka umurci ƙungiyar agaji ta CICR da ta bar ƙasar a watan Fabrairu. Wanda zai tsara rayuwarsa a kan albashin ƙungiya kaɗai ya kwana da sanin wannan.

A ɓangaren gwamnati, gundumomin kiwon lafiya suna tura alƙalumansu ta manhajar DHIS2, ma'aikatun magajin gari suna da rajistar haihuwa da ta haraji, makarantu suna buƙatar mai koyar da kwamfuta. Shiga aikin gwamnati na dindindin ta konkur ne, kuma ba kullum ake buɗewa ba. Da yawa sukan fara da bautar ƙasa ko da kwantaragi. Hukumar ANSI, da aka kafa a 2017 don mayar da ayyukan gwamnati na zamani, ita ce ta jagoranci shirye-shiryen kai intanet karkara.

Kamfanonin waya, Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecoms, manyan ma'aikatansu na fasaha a Yamai suke, amma eriyoyin da ke jihar suna buƙatar masu kula, galibi ta hannun ƴan kwangila. Babban aikin shimfiɗa wayar fiba da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, yana da reshe daga Diffa zuwa N'Guigmi har iyakar Cadi, kuma haɗa wayar fiba da gyaranta sana'a ce mai kanta. Kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana da Al Izza suna da rassa a kusan kowane gari, kowane reshe da kwamfutarsa da na'urar buga rasit. Man fetur na Agadem a cikin jihar yake, da matatar SORAZ kusa da Damagaram da ta fara aiki a 2011, da bututun da ya kai ɗanyen mai gaɓar tekun Benin, amma guraben kwamfuta a can kaɗan ne, kuma ana neman gogewa.

Saura aikin kai. Shagon da ya haɗa gyaran kwamfuta da waya, buga takardu, fotokopi, cike dosiyen konkur ta intanet da hoton fasfo yana ciyar da gida a garin da ke da lise da ofishin perfe. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, wuraren sayar da Wi-Fi da tikiti sun yawaita, kuma saita irin wannan rezo da ruta ta MikroTik aiki ne na mai BTS. Sai dai sayar wa jama'a intanet harka ce da ke ƙarƙashin dokokin hukumar ARCEP, a nemi sharuɗɗanta kafin a zuba jari. Aikin buga rubutu zalla kuwa yana ja da baya, tunda yanzu kowa na iya rubuta wasiƙarsa a waya.

Amana da doka

Mai gyaran waya yana ganin hotunan mutane da saƙonninsu. Mai shigar da bayanai yana riƙe da sunayen ƴan gudun hijira, da garuruwan da suka baro, da lambobinsu. A yankin da ke cikin rikici, irin wannan jeri idan ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya jawo asarar rai. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Tana kuma da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsananta hukuncinta a 2024. Kwafar bayanan ofis a kile a tafi da su gida, ko buɗe wayar da ba a san mai ita ba saboda wani ya kawo ta da kuɗi a hannu, duk suna iya kai mutum gaban alƙali. A ƙaramin gari kuma, tun kafin alƙali, labarin mai gyaran da ya tona asirin wani ya isa ya rufe masa shago.

Bayan shekara 2

Istaj shi ne gadar da ke tsakanin aji da aiki, kuma nemansa tun shekarar farko ake farawa. Ɗalibin da ke karatu a Yamai ko Tawa yana iya neman yin nasa a Diffa ko Maine-Soroa lokacin hutu, a asibitin gunduma ko ma'aikatar magajin gari ko wata ƙungiya. Ya rage kuɗin haya, ya kuma sa waɗanda za su iya ɗaukarsa gobe sun ga aikinsa. Rahoton da aka gina a kan matsala ta gaske, kamar rajistar magunguna ta wata cibiyar lafiya ko lissafin buhunan barkono na wata ƙungiyar manoma, ya fi saurin karewa a gaban malamai bisa wanda aka kwafo daga na ɗaliban bara.

Sanarwar aiki da yawa yanzu BAC+3 suke nema. Mai DUT ko BTS ta ƙasa yana iya ƙara shekara guda ya yi lisans ta sana'a, wasu makarantu ma da darussan yamma ga masu aiki. Akwai kuma takardun ƙwarewa na kamfanoni, irin su CCNA ta Cisco a fannin rezo, waɗanda ake biyan kuɗin jarrabawarsu daban, amma ana samun darussan share fage kyauta a intanet.

Wanda ya dawo da takardarsa, matakin farko shi ne rajista a ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, domin katinta na cikin takardun da ake yawan nema a dosiye, tare da kwafin difloma da aka buga wa hatimi, da takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta shaidar rashin laifi daga kotu wadda ba ta wuce wata 3 ba. Asusun FAFPA yana tallafa wa gajeren horo da koyon sana'a, yana da kyau a riƙa bibiyar sanarwarsa. Ƙungiyoyi da yawa a Diffa, bayan tace dosiye, sukan zaunar da mai neman aiki a gaban kwamfuta su ba shi jadawalin Excel mai kurakurai da ƴan mintoci ya gyara, kafin a kai ga hira ta baki.